Zauren Gani Da Ke Tsakiyar Ƙwaƙwalwa

Sau da yawa ɗan kasuwa yakan zauna a bakin rumfarsa yana ƙirga kuɗi, idonsa biyu a buɗe, maƙwabcinsa ya gifta ta gabansa har ya ɗaga masa hannu, amma bai gan shi ba. In an yi masa ƙorafi daga baya sai ya ce lalle bai ga kowa ba, kuma gaskiya ya faɗa. Surar mutumin ta shiga ido, sai dai ba a yi mata iso zuwa ga hankali ba. Wannan shi ne abin da magabata suke nufi da cewa hankali ke gani, ido gululu ne.

Mas'alar tsohuwa ce. Ibnul Haisam, mutumin Basra wanda ya rasu a Alƙahira wajen shekarar 1040, ya rarrabe a cikin Kitabul Manaziri tsakanin gani na wucewa da gani na lura da tsai da hankali. Abin da masana na baya suka ƙara shi ne gano wurin da rabon yake farawa a cikin kai.

A tsakiyar ƙwaƙwalwa akwai curi biyu masu siffar ƙwai, ɗaya a dama, ɗaya a hagu, ana ce musu talamus. Kalmar ta Yunananci ce, ma'anarta ƙuryar ɗaki, ana kuwa danganta sa sunan ga likita Jalinusu na ƙarni na 2. Gani da ji da ɗanɗano da taɓawa duk ta nan suke bi kafin su isa ɓawon ƙwaƙwalwa, watau shimfiɗar da ta lulluɓe ta, inda ake fahimta. Shaƙar ƙamshi kaɗai ke da tata hanya ta farko dabam.

Kowane ido yana da jijiya mai zare fiye da miliyan 1, mafi yawansu kuwa suna sauka a wani gungu na talamus mai hawa 6, daga nan a miƙa saƙon zuwa ƙeya. Da can an zaci wannan gungu zango ne kawai, kaya su sauka su tashi. Da aka ƙididdige mahaɗan jijiyoyin da ke cikinsa sai aka tarar waɗanda suka zo daga ido ba su wuce kashi 10 cikin 100 ba. Sauran daga ƙwaƙwalwar kanta suke, da yawansu umarni ne mai dawowa daga ɓawon. Ashe wurin ya fi kama da zauren sarki: baƙi na jira, mai iso na shiga yana fitowa, ana cewa wane ya shigo, wane ya dakata.

A shekarar 1984 Francis Crick, Baturen Ingila, ya kawo ra'ayin cewa wani siririn mayafi na jijiyoyi da ya kewaye talamus yana aiki kamar tocila a cikin duhu, ya haska abu guda, ya dushe sauran. A 2002 masana a jami'ar Princeton ta Amurka suka ɗauki hoton ƙwaƙwalwar mutane, suka ga aikin gungun nan mai hawa 6 yana ƙaruwa idan mutum ya tsai da hankali ga abu, yana raguwa idan ya kau da shi, alhali idon bai motsa ba. A 2012 kuma aka nuna a jikin birai cewa babban sashen talamus, wanda ake kira fulbina, watau matashin kai da Latinanci, yana daidaita bugun sassan gani na ɓawon don su yi aiki tare a kan abin da aka sa wa ido.

Ba lura kaɗai ba, har farkawa tana rataye da shi. A 2007 likitoci a Amurka suka ba da labarin wani mutum da ya shekara 6 kwance bayan rauni a ka, ba ya iya komai sai ɗan motsi. Da aka dasa masa wayoyin lantarki a tsakiyar talamus sai ya soma furta kalmomi, yana cin abinci ta baki. A 2020 masana a jami'ar Wisconsin suka tsikari wannan yanki a jikin biran da aka sa wa maganin barci, suka buɗe ido, suka motsa gaɓoɓi, da aka tsai da wutar sai suka koma barci.

Amfanin sanin wannan ga jama'a babba ne. Jijiyoyin jini da ke ciyar da talamus ƙanana ne ƙwarai, hawan jini yana iya fasa su ko ya toshe su. Idan ɓarnar ta sami curin dama, mara lafiya yakan manta da duk abin da ke hagunsa: ya ci rabin akushi ya bar rabi, ya aske rabin gemu, a tsaya ta hagunsa bai kula ba, alhali idonsa ƙalau. Irin wannan ba raini ba ne, ba kuwa taɓin hankali ba. Alamar shanyewar jiki ce, wajibi a kai shi asibiti nan take, domin kowace sa'a tana da daraja. Wanda ya manyanta kuwa ya lazimci awon jini ko da ba ya jin ciwo.

Haka nan direban da ke magana a waya yana tuƙi, idonsa na kan hanya, amma mai iso ya tafi wani aiki, yaro na iya giftawa ba a shigar da labarinsa ba. Zaure ɗaya ne, ba ya karɓar taro biyu a lokaci guda. Wanda ya ɗauko rayukan mutane ya ajiye ciniki sai ya sauka.