Littafi da Fim a Aji Ɗaya: Abubuwan Ban Mamaki a Taƙaice

A Jami'ar Warwick ta Ingila, da wasu irinta, akwai digiri guda da ya haɗa adabi da nazarin fim. Da safe ɗalibi na fama da littafi, da yamma yana ɗakin kallo yana duba abin da darakta ya yi wa littafin. Wani uban zai ce zuwa silima ne kawai aka sa wa rigar digiri. To ga kaɗan daga abin da suke tattaunawa a can.

Tun farko da rigima aka soma. A 1907 kamfanin Kalem na Amurka ya ɗauki labarin Ben-Hur na Lew Wallace ya yi ɗan fim na kusan minti 15 ba tare da ya nemi izinin kowa ba. Magada da mawallafa suka kai ƙara, shari'a ta je har Kotun Ƙoli, a 1911 aka yanke hukunci, Kalem ya biya dala 25,000. Daga nan mai fim ya san littafi yana da mai shi.

Dabarar nan ta yanke hoto daga wannan wuri a koma wancan, a nuna mai gudu sannan mai bin sa, D. W. Griffith ya ce a wajen Charles Dickens ya koya, alhali Dickens ya rasu tun 1870, kafin a ƙirƙiro silima. Sergei Eisenstein na Rasha ya rubuta doguwar maƙala kan haka a 1944, kuma har yau ana bai wa ɗalibai ita. A Rashar kuma aka buɗe makarantar koyon fim ta farko a duniya, a Mosko, 1919.

Masu cewa "fim ɗin bai kai littafin ba" su tuna da Erich von Stroheim. Ya ƙudura sai ya bi littafin McTeague kusan shafi-shafi, sai fim ɗinsa Greed ya kai wajen awa takwas. Kamfanin MGM ya sa almakashi ya mayar da shi awa biyu da 'yan kai a 1924, abin da aka yanke kuma ya ɓace har yau. A ganina ƙorafin nan na rashin biyayya ga littafi yawanci lalaci ne. Akira Kurosawa ya kwashe Macbeth ya kai shi Japan ta zamanin mayaƙan samurai a 1957, bai riƙe baitocin Shakespeare ba, amma masana da yawa na sa fim ɗin a sahun gaba na duk abin da aka yi da wasan. Vishal Bhardwaj kuma ya kai Macbeth cikin 'yan daban Mumbai a Maqbool, 2003.

Tunda an taɓo Indiya: Devdas ɗin Shah Rukh Khan na 2002, wanda ya sa mutane hawaye har a Kano, ƙaramin littafin Bengali ne da aka buga a 1917. Dilip Kumar ya riga shi taka rawar tun 1955.

George Bernard Shaw ya haɗa kyautar Nobel ta adabi ta 1925 da Oscar, saboda rubutun fim ɗin Pygmalion na 1938. Shi kuwa Najib Mahfuz na Masar, mai Nobel ta 1988, ya rubuta wa masu fim labarai da yawa, har ya taɓa shugabantar ofishin tace finafinai, amma littattafansa wasu ya bar wa su mayar da su fim. Ɗaya daga ciki, labarin wani lungu a tsohuwar Alƙahira, a Meziko aka sake yin sa a 1995 da Salma Hayek, kuma ya zauna daram.

Wanda ya fi ba ni sha'awa shi ne Usman Sembène na Senegal. Ɗan dako ne a tashar jiragen ruwa ta Marseille, can ya fara rubuta littattafai da Faransanci, ya yi suna. Da ya dawo gida sai ya ga talakawan da yake rubutu a kansu ba su iya karanta shi. Yana dab da shekara 40 ya tattara ya tafi Mosko koyon fim. Ya kan kira silima makarantar dare. A 1968 ya fitar da Mandabi da harshen Wolof, daga littafinsa na kansa, labarin wani magidanci da takardar kuɗi daga Faransa ta jefa shi cikin wahalar ofisoshi. Xala ma haka, littafi a 1973, fim bayan shekara biyu. A Nijar, Moustapha Alassane ya yi Toula daga labarin Boubou Hama.

A 2011 mawaƙin Amurka 50 Cent ya so sa wa fim ɗinsa suna Things Fall Apart. Jaridu sun ruwaito an yi wa Chinua Achebe, marubucin littafin mai wannan suna, tayin dala miliyan ɗaya, ɓangarensa ya ƙi, dole aka ƙara kalma ɗaya a gaban sunan. Wanda ya mayar da littafin Half of a Yellow Sun fim a 2013, Biyi Bandele, haifaffen Kafanchan ne, marubuci kuma tun kafin ya riƙe kyamara.

Namu na gida ya fi duka tafiya mai nisa. Littafin Shaihu Umar ya fito ne daga gasar rubutu da Rupert East ya shirya a 1933, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki. Marubucinsa matashin malamin makaranta ne a Bauchi, Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda babu mai zaton zai zama firayim minista. Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mayar da shi wasan kwaikwayo, Adamu Halilu ya mayar da shi fim a 1976, shekara goma bayan kisan marubucin. Daga nan fim ɗin ya yi ɓatan dabo, har aka ɗauka ya salwanta. Sai a 2016 aka tono faifansa a ma'ajiyar Hukumar Finafinai ta Najeriya, aka gyara shi a Jamus, aka nuna shi a bikin finafinai na Berlin a 2018.

Finafinan Kano ma marubuta na cikin waɗanda suka rene su. Bayan fim ɗin Turmin Danya na 1990, Ado Ahmad Gidan Dabino ya mayar da littafinsa In Da So Da Ƙauna fim, aka yi Ki Yarda Da Ni na Bilkisu Funtuwa, aka yi Alhaki Kwikwiyo na Balaraba Ramat Yakubu. Sunan Kannywood kansa a mujallar Tauraruwa ya fara bayyana a 1999, shekara uku kafin a ji Nollywood.