Ganye da ƙwayoyin cuta

Bangi shi ne babban birnin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya. A cikinsa akwai wata babbar kasuwa da ake kira Kilomita Biyar. Hausawa ƴan kasuwa sun daɗe da zama a wannan unguwa. Kamar a Maraɗi da Kano, a nan ma ana sayar da sassaƙe da saiwoyi da ganyaye don magani. Amma yaya ake gane wanda yake aiki da gaske?

Cututtuka da yawa, ƙwayoyi ne da ake kira bakteriya suke kawo su. Ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. In an jera 500 daga cikinsu, tsawonsu bai wuce milimita 1 ba. Wata takan sa zawo, wata takan sa miki ya yi mugunya. In ta sami ɗumi da abinci, ƙwaya ɗaya tana iya rabuwa biyu cikin minti 20.

A Bangi akwai Cibiyar Pasteur, wadda aka buɗe a 1961. A can masana suna renon bakteriya don su san maganin da ke kashe ta. Da irin wannan hanya ake gwada tsirrai a ƙasashe da yawa.

Da farko, ana shanya ganye a inuwa, a daka shi, a jiƙa, a tace. Sai a shafa bakteriya a cikin ƙaramin faranti mai abincinta. A ɗiga ruwan ganyen a kan guntuwar takarda, a aza a tsakiya. Farantin yakan kwana cikin ɗumin digiri 37, daidai da zafin jikin mutum. Da safe, bakteriya ta rufe farantin. Idan ganyen yana da ƙarfi, za a ga fili kewaye da takardar, inda ƙwayoyin suka kasa tsira. Ana auna faɗin filin da milimita.

Tafarnuwa ta ci wannan jarrabawa. A 1944, a Amurka, aka fitar da sinadarinta mai suna alisin. Sai an daka tafarnuwa yake fitowa, kuma dahuwa tana lalata shi. Ganyen gwaiba da ƴaƴan bagaruwa, waɗanda majema suke jeme fata da su, su ma suna hana wasu ƙwayoyi yaɗuwa.

Sai dai faranti daban, jikin mutum daban. Abin da ya kashe ƙwaya a faranti yana iya kasa kai mata a cikin jini. In ya yi yawa kuma, yana iya ɓata hanta ko ƙoda. Saboda haka, yaro mai zawo a ba shi ruwan gishiri da sukari, a kai shi asibiti ba tare da jinkiri ba.

Tambayoyi
1. A wane birni kasuwar Kilomita Biyar take?
2. Me filin da ke kewaye da takarda yake nunawa?
3. Me ya kamata a yi wa yaro mai zawo?