Shirun Mai Kaya: Gaskiya da Amana a Dokar Ciniki

Daga watan Oktoba zuwa Disamba, idan amfani ya zo gida, kasuwannin Funtua da Dandume da Bakori da Malumfashi kan cika da buhunan masara da dawa da waken suya. Cinikin miliyoyin naira kan faɗa da baki kawai: mai saye ya taya, mai kaya ya ce albarka, a ƙara, ya ce ya sallama, dillali ya karɓi la'adarsa. A idon doka wannan cikakkiyar yarjejeniya ce, ko da ba a rubuta komai ba. Abin tambaya shi ne, wace irin gaskiya ce ta wajaba a kan kowane ɗayansu ga ɗan'uwansa?

Ƙarya dai babu dokar da ta yarda da ita. Wanda ya ce masararsa ta bana ce alhali ta bara ce, ko ya zuba mai kyau a bakin buhu ya ɓoye wadda ƙwari suka ci a ƙasa, ya yi algus, kuma kowace kotu za ta iya warware cinikin. Haka nan mai yayyafa wa auduga ruwa ko ya cusa mata yashi don ta yi nauyi a sikeli. Yankin nan ya daɗe da sanin wannan, tun zamanin da kamfanin BCGA na Ingila ya kafa injinan gurzar auduga a Funtua da Malumfashi, ana duba kowane ƙunshi a ba shi lamba kafin a biya. Inda dokoki suka rabu shi ne wurin shiru: mai kaya bai yi ƙarya ba, amma ya san aibin kayansa ya ja bakinsa.

Dokar yarjejeniya da manyan kotunan Nijeriya ke aiki da ita gado ce daga Ingila, kuma asalinta shi ne mai saye ya buɗe idonsa. Shari'ar da ta fi bayyana haka ta hatsi ce, wato ta Smith da Hughes a 1871. Hughes mai horar da dawakin sukuwa ne, Smith kuma manomi. An nuna samfurin wani hatsi da ake ba dawaki, aka yi ciniki a kansa. Hughes ya ɗauka tsohon hatsi ne, don shi dawakinsa ke ci, ashe sabo ne, sai ya ƙi karɓa. Alƙalai suka ce muddin mai kaya bai yi alkawarin tsoho ne ba, shirunsa bai ɓata ciniki ba, ko da ya lura mai saye na yaudarar kansa. Sai dai wannan doka ta ware wasu wurare. A inshora, tun hukuncin Lord Mansfield na 1766, dole ne mai neman kariya ya faɗi duk abin da ya sani game da haɗarin da yake neman kariya daga gare shi. Manomin da ya ɓoye cewa gonarsa fadama ce da ruwa ke cinyewa duk damina, ranar biyan diyya kamfani na da hujjar juya masa baya.

Fiƙihun Malikiyya, wanda alƙalan kotunan shari'a na Jihar Katsina ke hukunci da shi daga littattafai irin su Risala da Muhtasar Halil da Tuhfa, bai ba shiru wannan dama ba. Wajibi ne mai sayarwa ya bayyana duk abin da mai saye zai ƙi in ya sani. Tushen abin hadisi ne sananne: Manzon Allah (SAW) ya cusa hannu cikin tulin abinci a kasuwa, ya ji danshi a ciki, ya tuhumi mai kayan don me bai sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba. Saboda haka wanda ya sayi sa a kara, ya kai gida ya tarar da tsohuwar cutar da ba a gaya masa ba, yana da zaɓi: ya riƙe, ko ya mayar ya karɓi kuɗinsa. Aibin da ke fili kuwa, wanda ya gani ya yarda, ba ya dawowa da shi, gani ya kori ji. An kuma hana dillali ya sa abokinsa ya riƙa ƙara tayi ba da niyyar saye ba, an hana tare manomi a hanya a saye kayansa kafin ya ji farashin kasuwa. A ganina wannan tsari na Malikiyya ya fi dacewa da kasuwar hatsi, domin wanda ya ɗinke buhu shi kaɗai ya san cikinsa, kuma ba mai zazzage buhu ɗari uku kafin ya loda mota.

Ɗan kasuwar da ke kai kaya Maraɗi kuma wata doka ce ke kansa. Nijar ta gaji tsarin Faransa, wanda tun 1804 ya rubuta ƙarara cewa a cika yarjejeniya da kyakkyawar niyya.

Kada a zaci nauyin a kan mai sayarwa kaɗai yake. Wata babbar rigimar ciniki a yankin nan ita ce ta bashin noma: a ba manomi taki da iri ko kuɗi da damina, a kan zai biya da buhuna da kaka. Fiƙihu ya halatta sayen amfani kafin a girbe, da sharaɗin a biya kuɗin tun farko, a ambaci irin hatsin da yawan awo da lokacin bayarwa. Amma idan farashi ya tashi, manomi kan kai kayan kasuwa ta bayan fage ya ce gona ba ta yi ba. Idan farashin ya faɗi kuwa, attajiri kan ƙirƙiro aibi, ya ce masarar ba ta bushe ba, ko ya zo da tiyar da ta fi wadda aka saba. Dukansu cin amana ne. Shirin ba manoma rance da Babban Bankin Nijeriya ya ƙaddamar a Kebbi a Nuwamba 2015, wanda manoman Katsina ma suka shiga, ya sha fama da irin wannan matsala wajen karɓo bashi.

Kotu ba ta ganin zuciya, hujja take bi. Don haka kafin ka sallama ko ka biya, ka yi tambaya a gaban shaidu biyu: ta bana ce? Ta bushe? Wace tiya za a auna da ita? Da zarar mai kaya ya amsa, maganarsa ta zama abin kama shi a kowace kotu, ta shari'a ko babbar kotun jiha. In kuma bashin kaka ne, a rubuta yawan buhuna da ranar biya, kowa ya sa hannu ya riƙe takardarsa.