Ƙoƙon Kan Mutanen Da: Na Samudawa Ne Ko Namu Ne?

Jama'a, rani ya yi, aikin gona ya yi sauƙi. Yanzu ne lokacin haƙa. Daga Kucheri zuwa Tsafe, daga Kwatarkwashi zuwa Bunguɗu, wani yana gina rijiya, wani yana haƙar ƙasar tubali, wani kuma ya tafi neman zinariya. Mai haƙa kuwa yakan ci karo da abin da bai je nema ba. Wani lokaci tsohuwar tukunya ce. Wani lokaci gatarin aradu ne. Wani lokaci kuma ƙasusuwan mutum ne.

In aka ga ƙoƙon kai ya yi tsawo, ko goshinsa ya kwanta baya, ko ƙashin girarsa ya yi tudu, sai magana ta tashi. Wani ya ce na Samudawa ne. Wani ya ce na aljani ne. Yanzu ma har a waya ana yawo da hotunan dogayen kawuna, ana cewa wai na wasu halittu ne da suka sauko daga sama. To, mene ne gaskiyar lamarin? Masu binciken kayan tarihi sun daɗe suna auna irin waɗannan kawuna, kuma sun gano dalilai biyar da kan sa kai ya fita daban.

Dalili na farko: naɗin kan jariri

Kowace uwa ta san kan jinjiri da taushi yake. Ƙasusuwansa ba su gama haɗewa ba, shi ya sa ake ganin maɗiga tana motsi. Shi ya sa kuma ungozoma ko kaka takan shafa kan jariri da ruwan ɗumi wajen wanka don ya yi kyau.

Wasu al'ummu sun wuce shafawa. Mutanen Mangbetu na ƙasar Kwango sukan naɗe kan jariri tam da ƙyalle ko igiya, wata da watanni. Yaro sai ya tashi da dogon kai mai tsini ta baya. A wurinsu wannan ado ne da alamar daraja, kamar yadda tsagar gado take a wurinmu. Al'adar ta ja baya a wajen shekarun 1950. A ƙasar Peru ma, can Amurka ta Kudu, an tono gawa sama da 400 a Parakas a 1927, waɗanda suka kai wajen shekara 2,000 a ƙasa. Da yawansu dogon kai gare su. Hotunansu ne aka fi yawo da su a waya. Gwaji ya nuna mutane ne kamar kowa, naɗi ne ya ja kan nasu.

Dalili na biyu: ciwo

Akwai yaron da ruwa kan taru a cikin kansa, kan ya yi ta girma fiye da ƙima. Akwai kuma wanda ƙasusuwan kansa kan haɗe tun lokaci bai yi ba, sai kan ya karkace ko ya yi tsawo. Mutanen da ma sun yi fama da waɗannan cututtuka, kuma alamar tana nan a ƙashinsu. A nan sai mu ja kunnen iyaye. In kun ga kan jaririnku yana kumbura, kada ku ce ɗan ruwa ne. Ciwo ne, kuma likitoci suna yi masa aiki. A gaggauta kai shi asibiti.

Dalili na uku: nauyin ƙasa

Ka ɗora buhun gero a kan ƙwarya ka ga yadda za ta koma. Haka ƙashi yake in ya daɗe a binne. Ƙasa da duwatsu sukan danne shi, ya lotse ko ya farfashe. Wanda bai sani ba sai ya zaci haka mai kan ya rayu.

Dalili na huɗu: zamba

A 1912 wani mutum a Ingila ya fito da ƙoƙon kai, ya ce ya samo shi a wani ramin tsakuwa a ƙauyen Filtdawun. Kan na mutum, muƙamuƙin kuma kamar na biri. Manyan masana da yawa suka yarda. Sai a 1953 aka gano haɗi ne: an ɗauko kan mutum, aka haɗa da muƙamuƙin wani babban biri, aka goge haƙoran, aka rina ƙashin don ya yi kama da tsoho. Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma wannan sai da ya yi shekara 41 kafin a kai ƙarshensa.

Dalili na biyar: tsufa na gaske

Akwai kawunan da ba naɗi, ba ciwo, ba zamba, haka masu su suka rayu. Ɗaya daga cikin irinsu da suka yi suna a duniya, a nan Nijeriya aka same shi.

A 1965 wani malamin Jami'ar Ibadan, Thurstan Shaw, ya yi tono a wani kogon dutse kusa da Akure, a Jihar Ondo ta yanzu. Sunan wurin Iwo Eleru, wato Kogon Toka da Yarbanci. Ya sami ƙananan makaman dutse dubbai. A can ƙasa kuma ya tarar da ƙasusuwan mutum guda. Kan ya farfashe, sai da aka harhaɗa shi kamar ɗinkin ƙwarya.

Kanmu na yau a dunƙule yake kamar ƙwallo, goshi a tsaye. Na mutumin Iwo Eleru kuwa dogo ne daga goshi zuwa ƙeya, samansa a kwance, ƙashin gira da ɗan tudu. A 2011 aka sake auna shi da sababbin na'urori. Aka tarar ya kai kimanin shekara 13,000. Abin mamakin shi ne siffarsa ta fi kama da ta wasu kawunan Afirka da suka haura shekara 100,000.

Yaya aka yi haka? Masana suna da amsa biyu. Wasu sun ce wata tsohuwar zuriya ce ta daɗe a dazukan Afirka ta Yamma, nesa da sauran jama'a, ta riƙe kamanninta na asali. Wasu sun ce auratayya aka yi tsakanin masu tsohuwar siffa da masu irin tamu. Har yau ana muhawara, don kai ɗaya tak aka samu. Itace ɗaya kuwa ba ya zama kurmi.

Dogayen mutanen Gobero

Sai mu leƙa maƙwabciyarmu Nijar. A cikin hamadar Tenere, a yankin Agadas, akwai wani wuri da ake kira Gobero. A 2000 wani Ba'amurke mai suna Paul Sereno da ayarinsa suka je neman ƙasusuwan manyan dabbobin da, sai suka ga ƙasusuwan mutane sun leƙo daga rairayi. Da aka bincika, aka sami kaburbura wajen 200.

Yau wurin ba ɗigon ruwa. Amma a da babban tafki ne, da kada, da dorina, da giwan ruwa. Mutanen farko sun zauna a can daga wajen shekara 9,700 zuwa 8,200 da suka wuce. Ƙarfafa ne, masu kaurin ƙashi, kansu dogo kuma a kwance. Wasunsu sun haura ƙafa shida. Masunta ne da mafarauta, da ƙashi suke yin mashin kamun kifi. Sai fari ya zo, tafkin ya ƙafe na kusan shekara 1,000. Da ruwa ya dawo, waɗanda suka zauna a wurin ba su kai na farko tsawo da kauri ba. A cikin kaburburansu aka sami wata mace da yara biyu, an kwantar da su suna rungume da juna.

Mai karatu, ka lura. Da a ce a bayan gidanka aka tono ɗaya daga cikin dogayen nan, da tuni an ce Basamude ne. Alhali tsawonsa bai wuce na dogon mutum a kasuwar Tsafe ba. Samudawan da Alƙur'ani ya ambata kuwa a ƙasar Larabawa suka zauna.

Ina aka faro?

Tsofaffin ƙasusuwan mutane irinmu da aka sani, a Afirka aka same su. A 1961 masu haƙar ma'adini a Jabal Irhud, ƙasar Maroko, suka tono wani ƙoƙon kai. Fuskarsa kamar tamu, amma kan dogo ne. A 2017 gwaji ya nuna mutanen wurin sun kai kimanin shekara 300,000. Wannan ya nuna wa masana cewa dunƙulallen kai irin namu a hankali ya samu. Binciken jini da ƙwayoyin gado kuma ya nuna duk mutanen duniya na yau, baƙi da fari, tushensu ɗaya, kuma daga Afirka kakanninsu suka bazu. Ashe bambancin kai da na launi kamar na 'ya'yan gida ɗaya ne, wani dogo, wani gajere.

Yadda ake gane shekarun ƙashi

Wani zai ce, ai ƙashi ba ya magana. Gaskiya ne, amma yana da shaidu. Shaida ta farko ita ce ƙasar da yake ciki. Ƙasa hawa-hawa take taruwa kamar juji, abin da ke ƙasa ya girmi na sama. Shaida ta biyu ita ce abin da ke gefensa, kamar gawayi, da katanga, da makami. Duk abu mai rai, itace ko dabba, yana ɗauke da wani sinadari da ya samo asali daga iska. In ya mutu sai sinadarin ya riƙa raguwa kamar ruwa a randa mai yoyo. Duk shekara 5,730 rabinsa yake tafiya. In aka auna abin da ya saura a gawayi, sai a san shekarunsa. Wannan awo yana aiki har zuwa wajen shekara 50,000. Abin da ya wuce haka, da wasu na'urori ake auna shi.

Saboda haka in aka ɗauke ƙashi daga makwancinsa, aka watsar da ƙasa da gawayin, an kashe shaidu ke nan.

Asarar da muka yi a Kwatarkwashi

Mun taɓa yin irin wannan asara a ƙofar gidanmu. A shekarun 1990 masu haƙa suka dira yankin Kwatarkwashi da ƙasar Nok ta kudancin Kaduna, suna tono mutum-mutumin yumɓu na mutanen da. Dillalai suka saye a arha, suka fitar da su Turai, inda ake sayar da su da tsadar gaske. Ba a rubuta zurfin ramin ba, ba a adana abin da ke gefensu ba. Kuɗin sun daɗe da ƙarewa, tarihin kuma ya tafi.

Dubi kuma abin da ya faru a Dufuna, a Jihar Yobe ta yanzu. A 1987 wani makiyayi yana gina rijiya, ya ci karo da wani katako. Ya sanar da mai gari, magana ta kai ga hukuma. Masana suka zo suka tono shi a tsanake a 1994. Ashe kwalekwale ne mai tsawon mita takwas da ɗoriya, wanda ya kai kimanin shekara 8,000. Babu wanda aka sani ya girme shi a duk Afirka. Da makiyayin ya faskara shi ya hura wuta, da ba wanda ya san Dufuna.

Abin da za ka yi in ka ci karo da irinsu

1. Dakatar da haƙa nan take. Kada ka ciro, kada ka wanke, kada ka fasa.
2. Rufe wurin da ƙasa mai laushi, ka sa ƙaya don yara da dabbobi.
3. Sanar da mai unguwa ko dagaci, shi kuma ya kai wa hakimi da 'yan sanda. Mai yiwuwa kabarin kwanan nan ne, a mayar da shi cikin mutunci.
4. In tsohon abu ne, a sanar da Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa. Tana da gidaje a Kano, da Katsina, da Kaduna, da Jos. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ma tana da sashen wannan bincike.
5. Kada ka sayar, kada ka ɓoye a gida. Dokar ƙasa ta 1979 ta hana fataucin kayan tarihi ba da izini ba. Wanda kuma aka kama da kan mutum a jaka, ya shiga babbar shari'a.

Ƙashin da ka gani a rami na ɗan Adam ne. Ya yi farauta ko noma a wannan ƙasa kafin kakanninmu su zo, yana da uwa, yana da 'ya'ya. Ya cancanci a mutunta shi, jikokinmu kuma sun cancanci su san labarinsa. Wanda ya karanta wannan, ya karanta wa maƙwabcinsa mai gina rijiya. Allah Ya sa mu dace.