Kalmomin Turanci Ma Suna da Dangi

Duk shekara idan sakamakon jarrabawar WAEC ko NECO ya fito, akwai kukan da muka saba ji a gidajen Ƙaraye da Rogo. Yaro ya ci lissafi, ya ci kimiyya, amma Turanci ya kayar da shi. Ga shi kuwa ba a shiga Jami'ar Bayero ko Jami'ar Ahmadu Bello sai da kiredit a Turanci. Sau da yawa abin da ke jawo haka shi ne ƙarancin kalmomi. Wani ɗalibi yakan ɗauki ƙamus ya ce zai haddace shi daga harafin A, kafin ya kai B ya gaji ya ajiye. To, 'yan'uwa ɗalibai, akwai hanyar da ta fi wannan sauƙi, wato a riƙa koyon kalmomi gida-gida, ta lura da haruffan da suka yi tarayya a kai.

Mu fara daga namu harshen. Wanda ya san "karanta" ba ya bukatar a fassara masa karatu, ko makaranta, ko makaranci. Haka kuma idan muka ji "ma" a goshin kalma, kamar manomi, maƙeri, marina, mabuɗi, mun san ana nufin mai yin aikin, ko wurin yinsa, ko abin yinsa. Malaman nahawu suna kiran irin wannan ƙari ɗafa-goshi, wanda ke zuwa a ƙarshe kuma ɗafa-ƙeya, abin da aka ɗafa wa shi ne saiwa. Turanci ma haka ya ginu. Fiye da rabin kalmominsa daga Latin da Faransanci da Girkanci aka aro su, musamman bayan mutanen Nomandi na ƙasar Faransa sun ci Ingila da yaƙi a 1066. Shi ya sa saiwa guda takan haifi 'ya'ya rututu.

Ɗauki haruffa huɗun nan, "port". Asalinsu kalmar Latin ce mai ma'anar ɗauka. Je kasuwar Rogo lokacin kaka ka ga yadda suke aiki. Ɗan dakon da ya saɓi buhun masara shi ne porter. Motar da ta kwashi buhunan zuwa Kano tana yin transport. Idan an fitar da kaya ƙasar waje an yi export, idan an shigo da su an yi import. Rediyon da direba ke rataye da shi portable ne, tun da ana iya ɗaukarsa. Wanda ya ɗauko labarin farashi ya komo da shi gida ya kawo report. Ka ga da saiwa ɗaya mun sami kalmomi shida.

Sai kuma "tion" da ke zuwa a ƙeya, wanda ke mai da aikatau ya zama suna. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Challawa a ƙasar Ƙaraye a 1992, noman rani ya samu gindin zama a yankinmu. Ban ruwa ga shuka shi ne irrigate, aikin kansa kuma irrigation. Haka cultivate ke zama cultivation, educate ke zama education, examine ke zama examination. A goshi kuma, "re" na nufin sake yi, kamar rewrite da rebuild, "un" da "dis" kuma suna juya ma'ana, kamar unhappy da disobey.

Amma fa a yi hattara, domin Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane. Uncle kawu ne ko baffa, "un" ɗin da ke cikinsa bai kore kome ba. Wanda ya fi haɗari shi ne inflammable da ake rubutawa a jikin tankar mai. Mai gaggawa zai ce ai "in" na kore abu kamar a incorrect, saboda haka ba ya cin wuta. Alhali ma'anarsa abu mai saurin kama wuta. Haka nan haruffa kan zo ɗaya amma furuci ya bambanta. Light, night da right duk amo ɗaya gare su, amma "ough" ba shi da alkawari: a though ana jin "o", a through "u", a tough "af", a plough kuma "au". Irin waɗannan sai a tambayi malami ko a duba ƙamus, matambayi ba ya ɓata.

Ga shawara ga kowane ɗalibi. Ka ware littafin rubutu guda, ka ba kowane gida shafinsa, ka rubuta saiwar a sama. Duk lokacin da ka ci karo da sabuwar kalma a littafi ko jarida ko jikin mota, ka kai ta gidansu, ka rubuta ma'anarta da Hausa, sa'an nan ka gina jimla taka ta kanka da ita. Ƙamusun Turanci zuwa Hausa, irin na Neil Skinner na 1965 ko na Roxana Ma Newman na 1990, za su taimaka wajen tabbatar da ma'ana. Kalma 5 a rana, kwana 5 a mako, cikin zango mai mako 12 ka tara kalma 300. A shekara guda ta karatu sun zama 900.

Iyaye da malamai, ku ma da naku aikin. Ku riƙa neman ganin littafin nan, ku sa yara su yi gasar kawo 'yan gida ɗaya a aji ko a tsakar gida da dare. Ku kuma 'yan aji ɗaya, kada ku jira sai kun kai aji shida kafin ku fara, gama da yayyafi kogi kan cika. Allah ya ba mu sa'a, amin.