3.4 Lilo da Raunukan da Yake Jawo wa Yara

Lilo, wanda wasu ke kira shillo, yana daga cikin wasannin da yaran ƙasar Tambuwal da Kebbe suka fi so, musamman da rani bayan an kawar da amfanin gona. Yadda ake yin sa shi ne, a sami igiyar rama ko ta kaba a ɗaura ga reshen itace, yaro ya zauna a kai, ɗan'uwansa ya riƙa tura shi. A wasu makarantun cikin gari kuwa akan tarar da na ƙarfe, wanda masu walda ke ƙerawa.

Idan aka lura da kyau za a ga cewa haɗarin wannan wasa ya rataya ne ga igiya da reshe da kuma ƙasar da ke ƙarƙashi. Igiyar da ta sha rana takan tsinke ba zato. Reshen tsamiya ya fi na darbejiya ƙwari, sai dai yara kan guje ta saboda imanin cewa mazaunin iskoki ce. Yaron da ya faɗo kan rairayi yakan tashi da ƙujewa kawai, amma wanda ya faɗo kan fako ko siminti abin yakan kai ga targaɗe ko karaya. Na ƙarfen kuma yakan dawo ya fasa kan wanda ya gitta.

Karayar da ta fi muni ita ce ta saman gwiwar hannu, domin mai faɗuwa da tafin hannu yake tokare ƙasa. A daidai wannan wuri babbar jijiyar jini ta ratsa dab da ƙashi. Bisa al'ada, wurin maɗori ake fara zuwa, ya ja hannun, ya jera karare ya ɗaure. Ba a musun ƙwarewar maɗora, to amma idan ɗaurin ya matse, hannu kuma ya ci gaba da kumbura, jini yakan daina kaiwa ga yatsu. Alamominsa su ne zogi mai tsanani, yatsu su yi sanyi, su sake launi, yaro ya kasa motsa su. Iyaye da yawa kan ɗauka ɗorin ne ke kamawa, alhali a cikin 'yan sa'o'i naman hannun ke fara mutuwa. Daga Tambuwal zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato tafiyar kimanin kilomita 100 ce, ga mutanen ƙauyukan Kebbe kuwa ta zarce haka. Wanda aka bari ya kwana biyu da irin wannan ɗauri yakan iya ƙarewa da shanyayyen hannu, wani lokaci ma sai an yanke shi.