Kai, Ke da Ku Duk a Buhu Ɗaya

Masu koyon Turanci, yau "you" muka sa a gaba. Kai, ke, ku, duk ita kaɗai ke ɗauke da su, ba ruwanta da mace ko namiji. Jakin 'yan yashi ma bai sha lodi haka ba.

Ko mutum ɗaya tilo kake wa magana, "you are" za ka ce, ban da "you is". Asalinta kalmar jam'i ce, ta mutum ɗaya kuwa "thou" ce a da. "You" ta canza aiki, ta ƙi canza hali.

Ya aka yi ta kori "thou"? Mutanen Ingila ne suka ɗauki al'adar kiran babba da jam'i, yadda muke ce wa dattijo "kun tashi lafiya?" Kowa kuwa na son girma, kafin ƙarni na 17 ya ƙare "thou" ta kusa ɓacewa daga bakin 'yan Landan. A lokacin, ka ce wa mai hali "thou", ka ja wa kanka rigima. Yau a addu'o'i da fassarar Baibul ta 1611 ake gamuwa da ita, har ana zaton ta alfarma ce. Tsufa ya ba ta rawani!

A ƙarni na 18 masu ilimi kan rubuta "you was" ga mutum ɗaya, malaman nahawu suka taka musu birki. Kar wani ya gwada a jarrabawa.

Da jam'i ya rasa kalmarsa, kowa ya shiga faci. Jihohin kudancin ƙasar Amurka "y'all", birnin Pittsburgh "yinz", Liverpool "youse", wasu kuma "you guys" ko da mata ne zalla a ɗakin. Broka ta fi su dabara, ta ari "una" daga Ibo. An hutar da kowa.

Inda bambancin ya tsira: "yourself" ga ɗaya, "yourselves" ga da yawa. Nan malami ke ɗana tarko.

In Bature ya ce "you never know", ba jahili ya kira ka ba, "ba a sani ba" yake nufi. Sauke hannun rigarka.

Tunkiya a Turanci "ewe" ce, furucinta ɗaya da "you" sak. A duba rubutu kafin a tura wa budurwa saƙo.